Sha Bakwai Bisa Sha Ɗaya

Dinatu Sila ungozoma ce tun asali. Ta daɗe tana karɓar haihuwa a Maradi, har ciwon baya ya hana ta doguwar tsayuwa. Da wani shiri na kula da mata masu ciki ya buɗe biro, wato ofis, a Madarumfa, sai aka ɗauke ta aikin zama. Ungozomomin ƙauyuka na rubuta bayanan matan da suka zo awo a cikin tabilet, bayanan su taru a ordinatarta, kwamfutar da ke kan teburinta, ita kuma ta tantance su kafin a haɗa rapor, wato rahoton aiki, a aika Maradi. Sai ta sa hannu rapor ke fita.

Ran nan da safe, a tsakiyar damina, ta iso biro takalmanta duk laka, don an kwana ana ruwa. Ranar ce ta rufe rapor na wata uku. Shugabanta, Malam Lawali, zai tafi taro Maradi washegari, kuma tun kafin ta ajiye jaka ya leƙo ya tuna mata cewa yana son komai ya kammala kafin a tashi.

Cikin abubuwan da ake auna ingancin aiki da su akwai awon jini: mace nawa aka auna, nawa aka samu jininsu ya hau, kuma cikin waɗannan nawa aka bi sawu. Tsarin mai sauƙi ne. In ungozoma ta rubuta awon da ya kai ɗari da arba'in bisa casa'in, sai sunan matar ya koma ja, tabilet ta tura shi wayar rele, wato ɗan ƙauyen da ke bin marasa lafiya gida gida. Shi zai je ya tabbatar matar ta tafi babban asibiti.

Dinatu ta bi gidajen likita ɗaya bayan ɗaya, tana gyara ƙananan kurakurai da ta saba gani, sunan da aka rubuta sau biyu, ranar da aka juya. Da ta kai kan Garin Maiturmi, can yankin Gabi, sai ta tarar da layin kore shar. An auna kowace mace, kuma babu ko ɗaya da jininta ya hau.

Ta tsaya tana kallon allon. Ta yi ungozomanci isasshe don ta san ba a tara mata masu ciki da yawa haka har wata uku a rasa mai hawan jini. Ungozomar wurin, Sadiya, ƙawarta ce tun makarantar koyon aikin jinya, kuma ba mai cika takarda da ƙarya ba ce. Dinatu ta bar jimilla ta buɗe bayanan matan ɗaya ɗaya.

Ta farko an rubuta mata sha ɗaya bisa bakwai. Ta biyu sha biyu bisa takwas. Nan take ta gane abin da ya faru. Haka aka koya musu faɗin awon jini a makaranta, haka kowa ke faɗinsa a baki, a yar da sifilin ƙarshe. Ita kuwa tabilet lamba uku take jira. In an ba ta sha biyar, sai ta ɗauka sha biyar ɗin ce kawai, ta ga ba ta kusa da ɗari da arba'in ba, ta bar sunan kore. A da tana gane duka biyun. Tun farkon damina da masu tsarin suka sabunta shi, ashe ta daina, kuma ba wanda aka gaya wa.

Ta jera awon daga babba zuwa ƙarami. Sunaye kaɗan suka hau sama. Na can bisa shi ne Hasana Abubakar, ciki na fari, wata takwas, sha bakwai bisa sha ɗaya. Awon ya daɗe da yi, ya haura sati. Ta duba bayanan babban asibitin Madarumfa, ba a karɓi mai wannan suna ba.

Ta kira Sadiya. Rezo, wato layin waya, ya yanke har sau biyu kafin su ji juna. Da Dinatu ta tambaye ta yadda take rubuta awo, Sadiya ta ce na'urarta mai batir ta mutu tun kafin damina, ta koma ta hannu, kuma tana rubutawa yadda ta saba. Muryarta ta sauya, ta tambaya ko bincike ake yi a kanta. Dinatu ba ta tsaya lallashi ba, ta ambaci sunan Hasana.

Sadiya ta tuna da ita sarai. Ta ce ita da kanta ta zaunar da yarinyar, ta ba ta magani, ta rubuta mata takardar tafiya Madarumfa a ranar, ta kuma ja mata kunne. Ta sake ta ne da sanin cewa rele zai bi ta.

"Sunanta bai je wayar rele ba, Sadiya. Bai taɓa yin ja ba."

Sadiya ta ce bari ta aika gidan mijin.

Dinatu ta shiga wurin Malam Lawali da ordinatar a hannu. Ya saurara har ƙarshe, yana murza goshi. Shi mutum ne mai son aiki ya tafi a kan lokaci, kuma an taɓa kunyata shi a taro saboda jinkiri. Ya ce ta cire Garin Maiturmi ta sa hannu a sauran, a kira anbilans ta tafi can. Ta ce ba ta san ko wurin Sadiya kaɗai abin ya shafa ba, sai ta buɗe sauran duka, kuma wannan ba aikin yini ɗaya ba ne. Anbilans kuwa ta riga ta kira, an ce ta fita kai mara lafiya Maradi.

"To mi kike so in yi, Madam Dinatu?"

"Mota nike so, Shef. Rapor zai jira, ita ba ta jira."

Ya dubi agogon bango, ya dubi takardun da ke gabansa. Sai ya ɗauki waya ya kira Abdu direba. Ya ce su tafi, amma duk abin da ake ciki su baro yankin kafin rana ta yi sanyi, don hanyar bakin iyaka ba ta da tabbas da yamma. Shi zai ci gaba da neman anbilans.

Da suka bar kwalta hanya ta zama taɓo. Gero ya yi tsawo ya rufe gefe da gefe, ruwa kwance a kowane kwari. Abdu yana tuƙi yana leƙa ƙasa ta taga. Dinatu ta riƙe ƙarfen mota, kowane rami sai ta ji shi a ƙugunta. Tana ta lissafin abin da ta sani game da mace mai irin wannan awo da aka bari ba kulawa, kuma ba ko ɗaya mai daɗi. Ta yi addu'a a ranta, gajeriya, ta sake maimaita ta.

Sun tarar da Sadiya tsaye a ƙofar gidan likita da jakar aiki a kafaɗa. Ba su yi doguwar gaisuwa ba. Ta ce Hasana ba ta gidan miji, an kai ta goyon ciki wurin uwarta a Kalgon Tudu, hayin gulbi. Mijin yana gona, wayarsa a kashe, an tura a nemo shi. Ta shiga mota ta zauna a baya, ta rungume jakar, ba ta dubi Dinatu ba.

A hanya ne ta yi magana, idonta a kan taga. Ta ce ita kaɗai ce a wurin, awo da haihuwa da rigakafi duk a kanta, kuma a wurin horo an ce musu su dogara da tabilet, ita za ta tuna musu. Dinatu ta ce ta sani, laifin ba nata ba ne. Sadiya ta ce faɗin haka ba wuya daga biro. Dinatu ta san gaskiya ce, don ita ma wata uku bayanan nan suna wucewa ta gabanta, ba ta buɗe su ba sai yau.

Gulbi ya kawo. Ba ambaliya ba ce, amma mota ba za ta shiga ba. Abdu ya tsaya a bakin ruwa, ya ce zai juya mota ya jira su. Wasu mata da suka ƙetaro da itace suka nuna musu inda ƙasa ke da tauri. Dinatu da Sadiya suka tattare zannuwa, Sadiya ta ɗora jakar a ka, suka shiga. Ruwan ya kai cinya, yana ja. A tsakiya ƙafar Dinatu ta zame, Sadiya ta cafke hannunta, ba ta sake shi ba har suka fita.

Gidan yana ƙarshen gari, da dangar kara. Uwar Hasana, wata dattijuwa siririya mai suna Ɗelu, tana sussukar tsohon gero a tsakar gida. Ta karɓe su da fara'a, ta shimfiɗa tabarma, tana mamakin abin da ya kawo likitoci har biyu. Da suka tambayi Hasana, ta ce tana ɗaki, kanta ke ciwo tun jiya, ta ɗaura mata tsumma mai sanyi.

Ɗakin duhu, an toshe taga da zane saboda Hasana ta ce haske na damunta. Da Sadiya ta janye zanen, Dinatu ta ga fuskar yarinyar ta kumbura har idanun sun ƙanƙance, zoben hannunta ya nutse cikin yatsa. Hasana ta gane Sadiya, ta yi yunƙurin tashi don kunya. Ta ce ta sha maganin har ya ƙare, ta ji sauƙi, mijinta kuma ya ce da an gama noma na biyu zai kai ta Madarumfa. Takardar tana nan cikin karne, littafinta na awo, a ƙarƙashin matashi. Yanzu dai tana ganin wasu ƙyalli kamar taurari, kuma nan ƙasan haƙarƙari na dama yana mata zafi.

Sadiya ta ɗaura mata abin awo, ta matsa, ta saurara. Ta sake matsawa. Sai ta ɗago ta dubi Dinatu, wannan karon ido cikin ido, ta ce sha tara bisa sha biyu. Ta buɗe jaka ta fara haɗa allurar da ke hana jijjiga.

Dinatu ta fita wurin Ɗelu. Ta yi mata bayani a hankali, cewa jinin ɗiyarta ya hau ƙwarai, dole a tafi da ita yanzu, wataƙila a ciro ɗan yau. Fara'ar dattijuwar ta ɗauke. Ta ce ita ma ta kumbura a cikinta na fari kuma ga ta nan. Ta ce yarinyar amana ce a hannunta, ba za ta ɗauki matar mutum ta ƙetare gulbi da ita ba da saninsa ba. A jira shi, ai an ce an tura.

"Inna, in mun jira, ina tsoron ba za mu kai da ita ba."

"Ɗiyata, rai na Allah ne."

"Na Allah ne, Inna. Shi ya kawo mu gidanga yau."

Ɗelu ta buɗe baki za ta amsa, sai Sadiya ta kira sunan Dinatu daga ɗaki, da wata murya da Dinatu ta sani tun ɗakin haihuwa.

Hasana ta sandare, kanta ya karkace, sannan jikin ya fara bugawa. Gadon kara yana ƙara. Dinatu ta manta da bayanta. Ta durƙusa ta juya ta gefen hagu, ta tallafe kan kada ya bugi bango, ta share kumfar da ke fita. Ɗelu ta shigo da gudu tana salati, ta ɗauko ludayi za ta cusa mata a baki, Dinatu ta tare hannunta ta ce kada a sa komai, ta riƙe mata ƙafafu kawai kada ta faɗo. Dattijuwar ta riƙe, tana karanto duk addu'ar da ta zo bakinta.

Da jijjigar ta lafa, Hasana ta ja wani dogon numfashi mai gurnani. Sadiya ta nemi jijiya. Hannun ya kumbura, jijiyar ta ɓuya, ta soka ba ta samu ba. Dinatu ta matse damtsen, ta shafa bayan hannun da babban yatsa har wata siririya ta taso. Sadiya ta soka, allurar ta shiga, ta tura maganin sannu sannu. Sannan suka yi mata sauran a ɗuwawu, dama da hagu. Sadiya ta ɗora abin saurare a cikin, ta daɗe, ta ce zuciyar ɗan tana bugawa.

Ɗelu ba ta sake zancen miji ba. Ta fita ƙofar gida ta ɗaga murya, maƙwabta suka fito. Wani ya kawo amalanken shanu, aka shimfiɗa katifa, aka kwantar da Hasana a gefenta. Ɗelu ta ɗaure ƴan tsummoki a zane ta hau, ta ɗora kan ɗiyar a cinya.

A bakin gulbi shanun suka ƙi shiga. Mai amalanken ya yi ta fama, suna ja da baya, amalanken na girgiza. Dinatu na kallon fuskar Hasana, tana tsoron girgizar ta tayar da wata jijjigar. Maza da ke noma kusa suka ajiye hauyoyinsu suka zo. Ba su yi dogon shawara ba, suka kwance shanun, suka kama amalanken da hannu, wasu gaba wasu baya, suka shiga ruwa da shi. Sadiya na tafe a gefe, yatsunta a wuyan hannun Hasana. A wurin da ruwa ya fi ja ƙafa ɗaya ta nutse a yashi, amalanken ya karkata, Ɗelu ta rungume ɗiyarta. Mazan suka sa kafaɗa suka ɗaga, ya fita.

Abdu ya riga ya kwantar da kujerun baya. Ya ce Malam Lawali ya kira, anbilans ta baro Maradi, za ta tare su a bakin kwalta. Rana ta fara karkata. Ya tuƙa da sauri iyakar abin da taɓo ya bari, Sadiya na ƙirga numfashin Hasana a hankali. Kafin su kai kwalta Hasana ta buɗe ido, ta tambayi inda ake kai ta. Uwarta ta ce ta yi shiru, gidan likita za su.

A babban asibitin Madarumfa aka shiga da ita ɗakin fiɗa kafin magariba. Mijin ya iso a kan moto, wato babur, da laka har gwiwa, ya tsaya jikin bango ya kasa zama. An ciro ɗa namiji, ɗan ƙarami ƙwarai, aka wuce da shi Maradi inda ake kula da bakwaini. Hasana ta yi kwanaki jininta na hawa yana sauka kafin ya daidaita. Daga baya aka haɗa ta da ɗanta, kuma dukansu sun koma gida.

Rapor bai tafi ranar ba. Malam Lawali ya je taro hannu wofi, ya sha tambayoyi, ya bayyana dalili, aka sa duk sauran yankuna su buɗe nasu bayanan. Da ya dawo bai yi wa Dinatu ƙorafi ba, bai kuma yabe ta ba, ya dai ce ta gaya masa ranar da za ta gama. Ta shafe sati tana bin awo ɗaya ɗaya. Ta samu wasu gidajen likita biyu masu irin matsalar, aka bi matan da abin ya shafa. Masu tsarin suka gyara shi yadda in an rubuta lamba biyu zai ƙi karɓa.

Cikin sunayen Garin Maiturmi akwai wata Maryama, mai sha biyar bisa goma tun farkon damina. Da rele ya je, ya tarar ta riga ta haihu a gida, ɗan bai zo da rai ba. Ba wanda zai iya cewa da an bi ta da ya rayu. Sadiya ta daina ɗaukar wayar Dinatu na ɗan lokaci, in akwai abin gyara sai ta turo saƙo.

Bayan an fara girbi, Sadiya ta kira da kanta. Ta ce tana so ta je gaida Maryama, ba ta son zuwa ita kaɗai. Dinatu ta hau motar kasuwa ran Asabar ta same ta.

Maryama ta karɓe su a rumfar gidanta, tana ɓarar wake. Ta kawo musu ruwa da fura, ta yi godiya da suka tako, ta ce haka Allah ya so. Ta tambayi lafiyar yarinyar Kalgon Tudu, don labarin ya zaga. Suka ce tana samun sauƙi. Sadiya ta ce mata in ta sake samun ciki ta zo awo da wuri, kuma ta neme ta ita da kanta. Maryama ta ce to. Suka ɗan taya ta ɓarar waken, sannan suka yi sallama.

A hanyar komawa, tsakanin gonakin da aka fara yanke wa kai, Sadiya ta tambaya ko ya kamata su gaya wa Maryama zancen tabilet. Dinatu ta ce ta yi ta tunanin haka tun daga Madarumfa, kuma tana ganin haƙƙinta ne ta sani, sai dai ba ta san yadda za ta fara ba. Sadiya ta ce za ta koma wani satin, in mijin yana gida, ta gaya musu su biyun. Dinatu ta ce ta sanar da ita ranar, za ta zo.